Wasiƙa zuwa ga Aminu kan fiƙar Hafsatu

Assalamu alaikum Malam Aminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Agadas? Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton bakin Hafsatu. Don Allah kada ka bari kowa ya cire mata fiƙar nan da ta ɓullo ta saman dasashi, ko da kakarta ta matsa.

Abin da ya faru ba baƙo ba ne. Fiƙoƙi huɗu ne a bakin mutum, biyu sama biyu ƙasa, kowace ita ce ta uku in ka ƙirga daga tsakiya. Na ƙasa kan fito bayan famfara tun yaro yana shekara 9 zuwa 10, na sama kuwa sai 11 zuwa 12. Wato na saman suna makara, kafin su iso maƙwabtansu sun kama wuri. In muƙamuƙi ya yi ƙunci, sai fiƙar ta leƙo ta gefe, kamar wanda ya zo masallaci bayan sahu ya cika. Wani yaron ma tasa maƙalewa take yi cikin ƙashi, ba ta fitowa sam. Ta Hafsatu tunda ta fito, an gode Allah.

Dalilin da ya sa na dage shi ne, duk bakin babu haƙorin da ya kai fiƙar sama tsawon saiwa. Saiwar kaɗai takan kai wajen milimita 17, ita ke tallafe da leɓe a gefen hanci. Ka gwada yanzu: haɗa haƙoranka, ka zame muƙamuƙi gefe guda a hankali. A bakin yawancin mutane fiƙoƙi ne ke gogar juna, turame su rabu. Da haka suke kare na baya daga cinyewa. Ga kuma yagar kilishi da ɓare rake, wanda na san Hafsatu ba ta wasa da shi.

Maganar da ake yi cewa cire fiƙar sama na makantar da mutum, ba gaskiya ba ce. Sai dai in ta ruɓe ta yi ƙurji, kumburin kan hau har ƙarƙashin ido, ina jin daga nan zancen ya samo asali.

Ka kai ta wurin likitan haƙori a ɗauki hoton ƙashin. Sau da yawa siririyar wayar ƙarfe ake sa wa haƙoran a buɗe wa fiƙar wuri, a jawo ta sahu sannu a hankali, aikin shekara ɗaya zuwa biyu. In ma dole sai an cire wani abu, likitoci sun fi son sadaukar da ƙaramin turmin da ke bayanta. A shekarunta ƙashi na da saurin karɓar gyara, don haka kada a bari sai ta girma.

Ka gaida Hajiya da maman Hafsatu. In kun dawo daga asibiti ka kira ni in ji abin da aka ce.

Naka,
Bashir, daga Katsina