Fitilar Motarku da Gudun Haske

Yamai, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka na can Kumasi. Yaya kasuwa, yaya baƙunta? Mu nan sai godiya. Bazara ta sa mu gaba, ɗaki ba ya kwanuwa, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Na je Tawa hutun da ya wuce, na tarar da Inna ta ji sauƙi sosai. Sau biyu tana tambayata kai, ta ce in shaida maka cukun da ta ajiye maka yana nan yana jiranka.

Saƙon muryar da ka turo mini daren da kuka taso daga Galmi da lodin albasa, sau uku na saurare shi. Ka ce kana gaba kusa da direba, tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi, fitila tana keta duhu, sai tambaya ta faɗo maka: tunda mota gudu take yi, kuma hasken daga jikinta yake fita, ashe gudun motar bai ƙaru a kan na hasken ba? Da gangan na ƙi amsa maka ta waya. Shekara 11 ke nan ina koyar da kimiyyar fizik a makarantar lise, ban taɓa samun ɗalibin da ya yi mini wannan tambaya da kansa ba, sai ga shi ta fito daga bakinka a kan hanyar kasuwa. Na ce wannan sai an shimfiɗa tabarma.

Hankalinka bai ɓata ba, haka duniyar da muka saba take. Mota tana gudun kilomita 80 a awa, yaron mota ya jefa albasa gaba da gudun kilomita 20, wanda ke tsaye bakin titi zai ga albasar tana gudun 100. Kowa ya yarda da wannan. Amma haske ba ya bin wannan lissafi. Gudunsa a sarari mita 299,792,458 ne a sakan ɗaya, ka ce kusan kilomita 300,000. Tafiyar nan ta Yamai zuwa Tawa da ke cinye mana yini a cikin motar kar, kafin sakan ɗaya ya cika haske ya yi ta fiye da sau 500. Direbanku in ya auna hasken fitilarsa, adadin nan zai samu. Mai shayin da kuka wuce a bakin hanya in ya auna, shi ɗin dai zai samu, ba ƙarin 80, ba ragi. Ko da motar za ta yi rabin gudun haske, amsar ba ta motsi.

Na san za ka ce, wa ya auna? An auna, kuma waɗanda suka auna ɗin ba wannan amsa suke nema ba. Tun wajen 1865 lissafin wani masani ɗan Sikotland, James Clerk Maxwell, ya nuna cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, mai gudu ƙayyadadde. Sai masana suka ce igiyar ruwa a cikin ruwa take tafiya, sauti a cikin iska, to lalle shi ma haske akwai abin da yake tafiya a cikinsa. Suka sa wa abin suna eter, suka ce ya cika sararin samaniya, duniya kuma tana ratsa shi da gudun kilomita 30 a sakan a zagayen da take yi wa rana.

Ka tuna masu kwale-kwalen da muke tsayawa kallo daga kan gadar Kennedy in za mu Harobanda? Ɗauki biyu daga cikinsu masu ƙarfi ɗaya, kowanne yana tuƙin kilomita 5 a awa, kogin Isa kuma yana gudun 3. Na farko ya tsallaka mita 400 a miƙe ya dawo: minti 12. Na biyu ya haura ruwa mita 400, ruwa yana danne shi, wannan kaɗai minti 12. Ya juyo ruwa ya koro shi a minti 3, jimla 15. Nisa ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma ba su dawo tare ba, kuma wannan ratar ita ke tona cewa ruwan tafiya yake yi. Abin da Albert Michelson da Edward Morley suka yi ke nan a birnin Kilibland na Amurka a 1887, sai dai su da haske da madubai. Suka raba haske gida biyu, ɗaya ya bi inda duniya ta dosa, ɗaya ya gitta, suka jira su ga wanda zai makara. Suka juya na'urar ta kowace fuska. Ratar da suke jira ba ta fito ba.

Manyan masana suka yi shekaru suna yi wa maganar eter faci. A 1905 wani saurayi mai shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Ban a ƙasar Suwizalan, Albert Einstein, ya ce a daina wahala. Ya kafa magana a kan ƙafa biyu. Ta farko tsohuwa ce, tun Galileo ya faɗe ta a 1632: in kana cikin abin hawa da ke tafiya sumul, ba birki ba kwana, babu gwajin da za ka yi a ciki ya nuna maka tafiya kake ko tsaye. Ta biyu ita ce amsar tambayarka: gudun haske ɗaya ne ga kowa. Ya ce a karɓi biyun yadda suke, a ga abin da zai biyo baya.

To a nan gizo ke saƙa. Gudu ai nisa ne a raba da lokaci. In gudun ya ƙi canzawa, dole nisa da lokaci su ne za su russuna.

Ni ban gamsu da wannan ba sai wata ranar Juma'a da yamma, ina gyaran takardun ɗalibai a zaure, maƙwabciyarmu tana daka. Ina kallon taɓaryar tana hawa tana sauka, sai abin ya buɗe mini. Ka ɗauka turmin nan a cikin babban kwale-kwale yake, jirgin yana tafiya. Ita mai dakan, a wurinta taɓarya sama take zuwa ta dawo ƙasa a miƙe. Kai da ke bakin gaɓa, kafin taɓaryar ta sauko turmi ya riga ya matsa gaba, don haka hanyar da ka ga ta bi a karkace take kamar haƙoran zarto, kuma ta fi tsawo. Da taɓarya ba damuwa, sai mu ce a idonka ta fi sauri tunda gudun jirgi ya ƙaru a kanta. Yanzu ɗauke turmin, ka sa madubi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ɗigon haske yana kai da kawowa tsakaninsu, kowane zuwa da dawowa bugun agogo ɗaya. Kai har yanzu doguwar hanya kake ganin ya bi, amma shi ba a ba shi damar ƙara sauri ba. Hanya ta fi tsawo, gudu bai ƙaru ba, saura me? Bugun ya fi daɗewa. A aunawarka agogon jirgi yana jan ƙafa. Kuma ba agogon kaɗai ba: bugun zuciyarta, tafasar tukunyarta, tsufanta, duka tare, shi ya sa ita ba ta ga komai ya canza ba. Abin da ya fi ɗaure kai, ita ma in ta auna naka agogon, naka za ta ga yana jan ƙafa, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinku.

Wallahi ranar nan alƙalamin ajiye shi na yi, na daɗe zaune har aka kira magariba.

Kada ka fara duban agogon hannunka. Na yi maka lissafi: da za ka shekara 40 a cikin mota tana gudun 80 ba tsayawa, abin da za ka rage bai wuce kashi 3 ko 4 cikin miliyan na sakan ɗaya ba. Sai an kusanci gudun haske abin yake fitowa fili. A kashi 87 cikin 100 na gudunsa, awa 2 a nan awa 1 ce a can. Ko tarawar ma canzawa take: rabin gudun haske a kan rabin gudun haske ba ya ba da cikakke, kashi 80 cikin 100 yake bayarwa. Shi ya sa duk abin da ke da nauyi ba ya kamo haske, kome man da aka ƙona.

Gani ya kori ji, ga shaida. Can sama, wajen kilomita 15, ana haifar wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira miyon idan haskoki masu ƙarfi daga sararin samaniya suka bugi iska. Matsakaicin rayuwarsu kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ne, wanda ko da gudun haske bai kai su fiye da mita 660 ba. Amma ga su suna isowa ƙasa da yawa, yanzu haka suna ratsa ni da kai, domin a ma'auninmu agogonsu a hankali yake bugawa. Shaida ta biyu tana aljihunka. Taurarin ɗan'adam na GPS da ke nuna wa direbanku hanya suna sama da mu da kusan kilomita 20,200. Saboda gudunsu, agogonsu yana makara da kashi 7 cikin miliyan na sakan kullum. Saboda nisansu da jan ƙasa kuma yana yin gaba da kashi 45, wannan kuwa ƙa'idar Einstein ta biyu ce ta 1915, maganar wata rana. In ka cire, saura 38. A ɗan wannan lokaci haske yana cin kilomita 11, ka ga da ba a gyara lissafin ba da taswirar waya ba ta amfanu ba. An aminta da gudun haske har ta kai tun 1983 da shi ake yanke tsawon mita kanta.

Abu ɗaya yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sai ka ji a fada ana cewa ai Einstein ya ce komai ya danganta da mai kallo, ba wata gaskiya tsayayya. Bai faɗi haka ba. Sunan da aka sa wa ƙa'idar, relatibite, wato dangantaka, shi ya ruɗi mutane. Tushenta abin da ba ya canzawa ne, kuma in ka ba ni aunawarka da gudunka, zan fitar maka da aunawar mai dakan daidai, ba cikas.

Kullum na bi ta ƙofar jami'a na ga sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa da ya ƙarar da rayuwarsa a kan binciken hasken rana har ya rasu a 1991, sai in ji ciwon yadda yaranmu ke haddace wannan darasi don jarrabawa su zubar. Hasken da ya yi aiki a kansa minti 8 da sakan 20 yake yi kafin ya iso mana. Na yanke shawara sati mai zuwa da tambayarka zan buɗe darasi a ajin ƙarshe, da muryarka da ƙarar injin da ke bayanta, in ka yarje mini.

In za ku komo ɗaukar wani lodin, ka sanar da ni kwana biyu kafin ku iso Yamai, kada ka sake wuce ni da tsakar dare. Zan tanadi kilishi da shayi, da madubi biyu na nuna maka abin da hannu. Uwargida tana gaishe ka, yara suna tambayar yaushe Baffa zai zo. Ka gaishe mini da maigidanku da duk ƴan Adar da ke zangon.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Yamai