Horon hoton baƙi da fari a Bauchi: a waiwayi tsofaffin nagatif

Edita, assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana kan horon da wasu matasa suka shirya a nan Bauchi, inda aka koyar da ɗaukar hoton fuska da fim na baƙi da fari, da wanke shi a ɗakin duhu. Sana'ar da na ci abinci da ita ke nan har dijital ta zo ta sallame mu, shi ya sa da suka gayyace ni ban yi nawa ba.

Yaran suna da himma, sai dai karatunsu na YouTube ne, kuma masu koyarwar can a ƙasar sanyi suke. Kodak da Ilford, kamfanonin da ke yin fim, duk sun ce maganin wanke fim ya tsaya a digiri 20. To ina za ka sami haka a Bauchi cikin Afrilu, zafi na neman 40, ruwan tanki ya wuni a rana? Ka zuba shi haka, fim ya yi duhu fiye da kima, fuska ta fito da tsakuwa-tsakuwa. Mu a da ruwan randa muke ɗiba, ko mu sa kwalbar magani cikin kwanon ƙanƙara, kuma bayan sallar asuba muke aikin. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, sai an yayyafa ruwa a ƙasa kafin a rataye fim ya bushe. Wata yarinya ta tambaye ni ko za ta buɗe fim a hasken jan ƙwai. Na ce a'a 'yata, jan ƙwai na katin hoto ne kawai, fim sai duhu ƙirin, da laluben hannu ake naɗa shi.

Haka batun farar babbar riga. Dattijo baƙi ya zauna da farar shadda, mitar kyamara ta ruɗe da farin, fuska ta nutse. Sai ka matsa ka auna hasken a kumatunsa, ka zaunar da shi bakin ƙofar zaure haske na zuwa ta gefe guda, wani ya riƙe farin kwali ta ɗaya gefen. Ka kuma ja shi da hira har ya saki jiki, don fim mai faɗi da ake kira 120 hoto 12 kacal yake ba ka a kyamarar da nake aiki da ita.

Amma abin da ya sa ni ɗaukar biro daban ne. Seydou Keïta, mai hoto ɗan ƙasar Mali, ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, talakawa da 'yan kasuwa yake ɗauka kamar mu. Abin da ya fi mu shi ne ya adana nagatif ɗinsa, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga gare shi, shi ya sa bayan shekaru aka sake wanke su aka baje kolinsu a Faris. Malick Sidibé, shi ma mai hoto ɗan Mali, haka ya yi, har ya karɓi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007. Mu namu fa? Na ɗakunan hoton da suke wajen Wunti da titin Kobi suna cikin kwalaye a ɗakin tarkace, gara na ci, damina na laƙe su da juna. Duk kwalin da ka buɗe ka ji warin tsami, to fim ɗin ya fara lalacewa, kuma ba ya komawa. A ciki akwai hawan Sallah, da ɗaliban makarantun kwana, da alhazai ranar dawowa, da kitso da ɗaurin kallabin da yanzu ba a yi.

Roƙona ga masu shirya horon, da malaman aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi: zagaye na gaba a bi magadan tsofaffin masu hoto a aro nagatif, ɗalibai su koyi bugawa da su. A nemi izinin iyalai kafin a nuna wa jama'a, musamman hoton matan aure. A kuma kai wa dattawan unguwa su faɗi sunaye a rubuta a bayan kati da fensir tun suna raye. Na'urata ta faɗaɗa hoto tana nan lafiya lau, ƙwai kawai take buƙata, zan ba da aronta.

Daga wani tsohon mai hoto,
Unguwar Jahun, Bauchi