A nemo wasannin kwaikwayon Malam Aminu Kano a buga

Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini. Duk ranar 17 ga Afrilu ana taron tunawa da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, Allah ya jiƙansa. Maganar jam'iyyunsa na siyasa, NEPU da PRP, ake yi, kuma ta cancanta. Amma da wuya ka ji an ce Malam marubucin wasan kwaikwayo ne tun kafin ya shiga siyasa.

Yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen 1938 zuwa 1939, ya rubuta wasanni irin su "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?" da "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya" da "Gundumi Fasa Kwanya". Ɗalibai suka hau dandamali suka yi su, amma ba a buga su littafi ba. Ka dubi sunan na farkon kaɗai, za ka ga tausayin baƙauyen da 'yan kasuwa ke yi wa wayo ya riga jam'iyya zuwa zuciyar Malam.

Shekara 28 na yi ina koyar da Hausa a sakandare. "Jatau Na Kyallu" na Shu'aibu Maƙarfi da "Uwar Gulma" na Mohammed Sada sun iso hannun ɗalibaina ne saboda an buga su. Ni ma na rubuta wa 'yan ƙungiyar wasa ta makarantarmu wasanni a littafin rubutu, na ajiye a adaka. Da na buɗe bayan na yi ritaya, gara ta cinye rabi, damina ta narkar da tawadar sauran. Har yau abin yana ci mini rai. Takardar da ba ta kai shekara talatin ba ke nan, ina ga wadda ta haura tamanin?

Don haka nake roƙon Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wato tsohon gidan Malam da ya zama cibiyar nazari, da malaman Hausa na Jami'ar Bayero, su bi gidajen tsofaffin ɗaliban Kwalejin Kaduna da na Midil ta Bauchi, inda Malam ya koyar. Duk shafin da aka samu a ɗauki hotonsa a kwamfuta, a buga tare da gajerun labaransa na "Hikayoyin Kaifafa Zukata". Iyalan da ke da irin waɗannan takardu kuma, don Allah a fito da su daga adaka kafin daminar bana.

Naku,
Tsohon malamin Hausa, Kano