Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni a rediyo: wai waya tana sauraron mu ne?

Salamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ranar da aka gayyace ni shirin rediyo a nan Garwa ka kira ka ce kun yi hirar sayen moto da ɗanka, da yamma sai ga tallan moto a Facebook, wai ko wayar nan na sauraron mu ne, kuma nan gaba ina za ta kai mu? Rezo ya katse kafin in gama, to ga sauran.

Gaskiya ba ta ma buƙatar jin muryarka. Tun 2006 Facebook ya fito da shafin nan da labarai ke zubowa, yau kuwa lissafi ne ke zaɓan abin da za ka gani, yana duba inda yatsanka ya tsaya, bidiyon da ka kalla har ƙarshe, wanda ka wuce da sauri, garin da kake, su wa kake hulɗa da su. In ɗanka ya nemi farashin moto kuma kuna abota a can, wannan ma na iya sa a nuno maka tallan. Sannan tallan moto ɗin mai yiwuwa ya sha wucewa ta gabanka ba ka kula ba, sai da maganar ta shiga ranka idonka ya fara kama shi. In hankalinka bai kwanta ba shiga saitin ka hana manhajar taɓa makirufo, minti ɗaya ne.

Ni abin da ya fi damuna daban ne Alhaji. A 1960 wani masani a Landan, Peter Wason, ya ba ɗalibai lambobi 2, 4, 6 ya ce su gano ƙa'idar da ke bayansu, su riƙa kawo nasu lambobi uku yana ce musu e ko a'a. Yawancinsu suka ɗauka ƙari biyu-biyu ne, sai su kawo 8, 10, 12 ya ce e, su kawo 20, 22, 24 ya ce e, su yi ta murna sun gano. Alhali ƙa'idar kawai lambobi su riƙa hawa, ko 1, 7, 500 ma daidai ne. Kaɗan ne suka gwada abin da zai iya ƙaryata zatonsu. Haka ɗan Adam yake, ni da kai duka, abin da zai ce mana "ka yi gaskiya" muke nema.

To ka haɗa wannan hali da na'urar da aikinta koyon halinka. Android, tsarin da ke tafiyar da yawancin wayoyinmu, tun 2018 yake koyon hasken allo da kake so da manhajojin da ka fi buɗewa don ya tattala batir, wannan kam alheri ne, kibod ma yana haddace Hausarmu mai gauraye da Fulatanci da Faransanci. Amma irin wannan dabarar ce dai a Facebook ke lura cewa in an zagi wata ƙabila ko wani ɗan siyasa kana tsayawa ka kalla, gobe ta ƙaro maka biyu, jibi goma, har ka rantse duk Garwa da Marwa ra'ayinka gare su, maƙwabcinka kuma tasa wayar na rantse masa da akasin haka. Bafade ne a aljihunka, komai ka faɗa sai "ranka ya daɗe". WhatsApp ma da jita-jita ta yi yawa sai da suka taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda a 2019, ko da yake can ba lissafi ke zaɓa ba, mu ne da hannunmu.

Nan gaba kuwa, tunda ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum, ya fito ƙarshen 2022 abin ya koma hira, kuma a ganina za a kai inda wayar za ta amsa maka da Hausa ta baki, wanda bai yi lekol ba ya tambayi farashin auduga ko maganin ciwon shanu ba sai ya nemi yaro ya karanta masa ba. Ina maraba da wannan wallahi. Sai dai yadda ka jefa tambaya haka amsa ke karkata, in ka ce "ba gaskiya ba ne wane ɓarawo ne?" ka riga ka nuna mata abin da kake son ji. Gwada ce mata ta kawo maka hujjar waɗanda ba su yarda da kai ba, ka ga bambanci.

A gaida Hajiya da yara.