Zuwa ga 'yata a Legas, kan kifin da take son raɗa wa suna

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mun ga hoton ɗan kifin da masunta suka kawo miki, wanda kike kyautata zaton masana kimiyya ba su taɓa rubuta shi ba. Mahaifiyarki har ta fara ba maƙwabta labari. Ni dai na ce ki bi a sannu.

Kin fi ni sanin ƙa'idar: sunan da aka fara bugawa shi ke da kifi, kuma lissafin ya faro tun 1758, da bugu na goma na littafin Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden. Daga wancan lokaci Turawa sun yi ta kwasar kifin gaɓar Afirka ta Yamma zuwa ɗakunan adana samfur na Faris da Landan. Wani kifin an raɗa masa suna har sau uku, don wannan ya ga namiji, wancan ya ga mace, wani kuma ɗan tsako ya samu. Galibi sunan da ya zo daga baya ajiye shi ake yi. Don haka kafin ki ɗora biro a takarda, nemi bayanin samfurin asali, wato wanda aka duba aka raɗa sunan, na kowane kifi mai kama da naki.

Ido kuma yana yaudara. Dubi kifayen sardin nan biyu, Sardinella aurita da Sardinella maderensis, waɗanda ake zubawa a faranti ɗaya a kasuwa. Mai saye ba ruwansa, amma ke sai kin ƙirga: tsinkayen fiffiken ciki 9 ne a na farko, 8 a na biyu. Ki ƙirga a ƙarƙashin madubin ƙara girma, gobe ki sake, kuma kada ki yanke hukunci da kifi ɗaya tal.

Ɗauki hoto yana sabo, launi ba ya jira. Ki yanki ɗan nama ki sa a etanol kafin kifin ya shiga fomalin, ruwan maganin adana samfur, domin fomalin na lalata DNA. Wuri, kwanan wata da zurfin ruwa, ki rubuta da fensir ki jefa cikin kwalbar, ba a jikin murfi ba. Murfi yana musanyuwa.

In ya tabbata sabo ne, kada ki sa masa sunanki, abin kunya ne a wajen masu fannin. Ki kuma rubuta yadda masuntan ke kiransa, ki gode musu a cikin takardar.

Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki