Ba kullum ne laifin netwok ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan kalmar nan da makarantu da ma'aikatunmu suka mayar bargon rufin asiri, wato "netwok ne".

Ina da ɗan kafe a Zariya inda nake cike wa ɗalibai fom. Ranar da za a rufe rajista a wata makaranta, wani dattijo ya yi sammako daga ƙauye da 'yarsa. Muka biya kuɗi, banki ya cire, saƙo ya shigo wayarsa, amma shafin makarantar ya ce atafau ba zai buɗe ba. Baba na zaune a benci, ya rungume ledar takardun yarinyar, jim kaɗan sai ya ce, "Yaro, ya yi?" Har aka kira la'asar bai yi ba. Da muka buga wa ofishinsu, sai aka ce netwok ne, alhali duk sauran shafuka suna buɗewa garau a kwamfutata. Daga baya wani ma'aikacin wurin ya raɗa mini cewa saba ɗaya tak ke ɗauke da shafin, wato babbar kwamfutar da bayanan ke ciki. Dubban ɗalibai suka yi mata rubdugu rana guda, ta durƙushe, babu ta biyu da za ta karɓi kayan.

Abin da ke ɗaure mini kai, mu ne fa muka fi kowa sanin amfanin ajiye na biyu. Mai aski ma yana da janareta, wani har da sola, kuma da wuya ka ga wayar da babu layi biyu a ciki. Amma makarantar da ke karɓar miliyoyin naira ta intanet sai ta jingina komai kan na'ura ɗaya.

Ta biyun ma sai an raba musu gida. A watan Maris na 2021 gobara ta ƙone wani ginin OVHcloud, kamfanin da ke ba da hayar saba, ƙurmus a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu da suka ɗauka sun yi dabara sun ajiye kwafin bayanansu, ashe kwafin ma a nan harabar yake, wuta ta haɗa duka ta cinye.

Ban ce netwok ba ya laifi ba. Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka tsaya cik. A nan ma waɗanda ke da wata hanyar da za su karkata ne suka fara farfaɗowa. Wani lokacin kuma hannun ɗan Adam ne: kuskuren saiti ya kulle Facebook da WhatsApp da Instagram kusan awa shida ranar 4 ga Oktoba 2021. Bambancin shi ne su masu Facebook sun fito sun faɗi abin da ya faru.

Masu ba da hayar saba suna yawan alkawarin shafi zai yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari. Da daɗin ji, amma in ka lissafa, kimanin awa 8 da minti 45 ke nan a shekara da aka yarda shafin ya kwanta. In sun faɗo tsakar dare babu mai sani. In sun faɗo ranar rufe rajista fa?

Don Allah Edita ka tura wakilinka ya tambayi masu riƙe da waɗannan shafuka: saba nawa gare ku, a wane gari kwafin yake, kuma yaushe rabon da ku kashe ta farkon da gangan ku ga ko ta biyun za ta tashi? Shi dai Baba sai da ya sake biyan kuɗin mota washegari, bayan an ƙara wa'adin.

Naka,
Mai karatunku daga Zariya