Ɗakin Karatu Ba Shago Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan ɗakunan karatu na jama'a, waɗanda muke kira laburare.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Sakkwato. Duk sanda aka taɓo zancen laburare a gaban masu riƙe da muƙami, amsa biyu ake ji. Wani ya ce ba ya kawo kuɗin shiga. Wani ya ce ai yanzu komai yana cikin waya. Uwarsu ɗaya: abin da ba ya jawo riba, gwamnati ta zare hannunta, mai kuɗi ya saya wa kansa.

Wannan tunani ya daɗe da mu. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta karye, littafin da ake odarsa daga waje ya gagari makarantu. Daga nan handawut da hotokwafi suka samu gindin zama. Manyan makarantu sun ɗan samu mafita da asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya koma TETFund a 2011. Amma TETFund na jami'o'i da kwalejoji ne. Laburaren gari, wanda tela da ɗan kabu-kabu da mai jiran sakamakon jarrabawa za su shiga ba a tambaye su katin makaranta ba, ba shi da uwa a gindin murhu. Ko hedikwatar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Abuja, tun 2006 aka ba da kwangilarta, aka yi ta sauya gwamnatoci ginin yana tsaye ba a gama ba. A 2025 sai da uwargidan shugaban ƙasa ta nemi masu son yi mata kyautar zagayowar ranar haihuwa su zuba kuɗin a asusun kammala shi. An gode mata, amma aikin kasafin kuɗi ne ya koma jiran kyauta.

Mu dawo kan zancen waya, don shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Gaskiya ne akwai ilimi a intanet, sai dai ƙofarsa da kuɗi ake buɗe ta. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin abinci da na mota suka tashi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Uban da ke lissafin mudun gero, da me zai saya wa ɗiyarsa data ta sauke littafi? A gidaje da yawa waya ɗaya ce mai shiga intanet, tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa har magariba. Ga cajin ma sai an kai shago an biya.

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ina da ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa, wasu daga ƙauyukan Kware da Wamakko, da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa, a shagon da ake biya kowace awa. Za su zauna benci ɗaya da yaron da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa, a ce an yi musu awo da mudu ɗaya. Idan sakamako ya fito kuma a ce yaranmu ba su son karatu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne a Sakkwato ake wannan magana. Shehu Usmanu, da ƙanensa Abdullahi, da Sarkin Musulmi Bello, da Nana Asma'u ba su rubuta littattafai don a kulle su sai mai hali ba. Aro ake yi, a kwafa da hannu, a karantar a zaure kyauta. Nana Asma'u har malamai mata da ake kira jajis take turawa ƙauyuka su kai wa mata karatu inda suke. Marigayi Waziri Junaidu, da ya rasu a 1997, ya ƙare rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen nan, ga cibiyar tarihi da aka sa wa sunansa. Laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma sunan Abdullahi Fodiyo yake ɗauke da shi. Muna alfahari da sunayen a wajen taro, amma yaron Mabera ko Runjin Sambo da ke neman wuri mai fanka da fitila ya yi bita a zafin watan Afrilu, ina zai nufa?

Ban ce kada 'yan kasuwa da masu hannu da shuni su taimaka ba. Wanda Allah ya hore wa ya gina, ya ba da littattafai, sadaka ce mai gudana. Amma kada a sa kuɗin ƙofa, kada a yanka harabar a yi shaguna da sunan kuɗin shiga. Ba a tambayar rijiyar unguwa nawa ta kawo a wata.

Roƙona ga gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu: kowace daga ƙananan hukumomi 23 ta samu ɗaki ko da guda, da sola, da intanet kyauta, da 'yan kwamfutoci, da jaridun Hausa da na Turanci, da ma'aikacin da ya karanci aikin. A ware wa mata lokacinsu, a kuma riƙa buɗewa har bayan isha'i saboda masu fita nema da rana.

Kai kuma Malam Edita, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ka tura wakilinka ya nemi alƙaluman abin da aka ware wa ɗakunan karatu a kasafin jihohin Arewa maso Yamma, da abin da aka saki a zahiri, da ranar da aka sayi sabon littafi na ƙarshe, ku buga mana mu gani.

Na gode.

Wani malamin sakandare,
Mabera, Sakkwato.